Kada Ki Waiga Sai An Gama Ƙirga

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani, a Jugu.

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki da iyayensa da duk mutanen gidan. Allah ya sa motar da ta ɗauke ki ta sauke ki lafiya, ya sa da ƙafar dama kika shiga ɗakinki, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki. Mu nan Paraku lafiya lau, sai kewarki da ta hana ni jin daɗin koko da safe. Labarin gari ba zan ba ki ba. Direban da zai kawo miki takardar nan bakinsa ba ya rufuwa, shi zai ba ki har da wanda bai faru ba.

Amsar tambayarki na zauna rubutawa. Ranar da za ki tafi, ina ɗaure miki kwanuka a buhu, gida cike da 'yan rakiya, kika matso kusa da kunnena kika ce matan unguwarku ta Jugu, waɗanda kika karɓi haihuwarsu a matanite, asibitin haihuwa, lokacin da kike koyon aiki a can, sun ce ke za su tsayar a zaɓen majalisar unguwa bayan damina. Sannan kika ce, "Inna, in tambaye shi ko zai tsaya a bayana?" Kina nufin mijinki, wanda mahaifinsa ke limancin masallacin unguwar. Ni kuma na ce ki miƙo mini igiya. Ba don ban ji ba ne. Maganar ta fi ƙarfin tsakar gida mai mutane, kuma ni na taɓa tsayawa a inda za ki tsaya. Kina ƙarama lokacin, abin da kika sani kawai shi ne uwarki ta taɓa zama 'yar majalisa. Yadda aka yi ba ki sani ba. To ga shi nan, da haruffan da kika koya mini a bakin murhu. In kin ga sun karkace ki yi haƙuri, malamar tawa ce ba ta da haƙuri.

Kin san halina na tambaya. Kakarki da kika ci sunanta, Allah ya jiƙanta, takan ce ranar da za a kai ni kabari sai na ɗaga kai na tambayi masu haƙa me ya sa suka zaɓi nan ba can ba. Wannan halin ne ya sa ni cikin maganar zaɓe, shi ne kuma ya yi mini abin da ya yi mini a ƙarshe.

Lokacin juyin juya hali bai daɗe da shigowa ba. Aka wayi gari kowa ya zama kamarad. Alhaji kamarad, mai tura kura kamarad, ni mai awon dawa a kasuwar Arzeke kamarad. Wata Asabar da yamma aka tara mutanen unguwarmu ta Zongo a bakin tasha. Babanki ba ya gari, ya tafi ta'aziyya Partago. Wani siririn saurayi ya zo daga buro, wato ofishin gunduma, gemunsa bai gama fitowa ba, yana magana da Faransanci ana juya mana da Dandanci da Hausa. Ya ce an daina mai unguwa na gado, talakawa ne za su zaɓi delege, wato sabon shugaban unguwa, da 'yan majalisarsa, kuma duk mai tambaya ya yi. Maza suka sunkuyar da kai suna kallon yatsun ƙafarsu, don sun fi ni wayo. Ni kuwa akwai abin da ya daɗe yana cin raina. Famfon unguwa guda ɗaya ne tak, kuma kullum muka taso daga kasuwa da la'asar, a gajiye, tulu a ka, sai mu tarar an garƙame shi da kwaɗo. Wallahi ba rigima nake nema ba, dalili kawai nake so in sani. Na ɗaga hannu na ce, "Kamarad, wa ke kulle famfo, kuma don me?"

Yaron nan ya kalle ni kamar ya ga watan salla. Ya ce irin wannan macen juyin juya hali ke nema, ya sa aka tafa mini. Kafin a watse sunana ya shiga cikin masu neman kujerar kula da ruwa da tsabtar unguwa. Na zo neman amsa, na koma gida da takara a ka. Famfon kuwa ba wanda ya ce uffan a kansa.

Kuskurena na farko ke nan, na bar tafi ya yanke mini shawara. Ke yanzu matan Jugu suna tafa miki, kuma tafin mata yana da daɗi, na sani. Ki samu lokaci ki zauna ke kaɗai ki tambayi ranki, da ba su tafa ba, zan nemi wannan abu? Akwai wani famfo a unguwar da ke cin raina ni ma? In akwai, bismilla, ki tsaya. In kuwa kunyar su ce kawai, ki je ki ba su haƙuri tun yanzu, kafin a sa sunanki a bakin mutane.

Na biyu ya fi na farko muni. Babanki ya dawo daga Partago, na ce bari ya huta tukun. Ya huta, na ce bari ya ci abinci. Ya ci, na ce gobe. Ina ta gobe har ya ji a ƙofar masallaci, kuma daga bakin wa? Daga bakin Alhaji Bawa, wanda ya rufa wa masallacin kwano, ya sayi lasifikar da babanki ke kiran salla da ita tun ba a yaye ki ba. Shi Alhajin ba a yarda ya tsaya da kansa ba, an ce irinsu ne 'yan zamanin da, don haka ya tsayar da ɗan ɗakinsa, Ɗanjuma tela, a kujerar da aka sa ni. A gaban jama'a ya ce, "Ladan, ashe mun zama abokan hamayya ba ka gaya mini ba?" Babanki ya shigo gida, ya ajiye carbinsa, ya zauna. Can ya ce, "Ashe ke ce kamarad ɗin?" Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Don Allah Uwani, in har mijinki bai riga ya ji daga bakinki ba, ki ajiye takardar nan ki je ki gaya masa, kya dawo ki ƙarasa karatu. Namiji yana iya haɗiye magana mai ɗaci a cikin ɗaki. A ƙofar masallaci kuwa, idon mutane a kansa, ko mai daɗi ce sai ta shaƙe shi.

Daga nan na shiga zagayen gidaje, ni da ƙawata Bona, 'yar Bargawan nan mai doya da rumfarta ke manne da tawa, wadda ta goya ki fiye da yadda ni na goya ki. Duk gidan da muka shiga sai a shimfiɗa mana tabarma, a kawo ruwa, a ce "Allah ya sa alheri," a ce "Allah ya nuna mana ranar," a ce "ai ke tamu ce." Na dawo ina ganin duk Zongo a bayana take. Bona ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da Hausar nan tata mai ƙanshin Barganci, "Ladi, ku Hausawa in za ku ce a'a sai kun yi wa mutum addu'a tukun." Tabɗi! Ni da aka haifa cikin harshen ban ji abin da ita ta ji ba.

Abin da ban gane ba shi ne yadda ake zaɓen. Ke kin taso kin gan shi, ba ya ba ki mamaki, amma mu sabo ne a wurinmu. Ba akwati, ba takarda, ba labule. 'Yan takara su tsaya su juya wa jama'a baya, kowa ya zo ya yi layi a bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna. To mutumin da zai shiga layi ba ke kaɗai yake gani ba. Yana ganin mai gidan da yake haya, yana ganin surukinsa, yana ganin wanda ke ba shi lodi a tasha, su ma duk suna ganinsa. Wadda ta ce miki "ke tamu ce" ba ƙarya ta yi ba, da gaske tana son ki, amma tana son rufin ɗakinta ma. Kada ki sa kowa ya rantse miki. Ki gaya musu abin da kike son yi, ki sha ruwan da suka ba ki, ki tashi.

Wannan layin ne ya tayar da muhawara a masallaci, irin wadda ban taɓa jin kamarta ba, kuma in gaya miki gaskiya ta burge ni ko da a kaina ake yi. Wani dattijo ya ce wannan ai sahu ne. Mutum ɗaya a gaba, jama'a a bayansa, ina bambancinsa da liman da mamu? Kuma namiji ba ya bin mace. Wani direba ɗan Nijar ya ce to shi ya sha tsayawa a bayan mata a layin sukari na kantin gwamnati, sai a gaya masa ko akwai ramuwa a kansa. Aka yi dariya, amma dattawa ba su yi ba. Aka kai magana gaban liman. Liman kuwa tsoho ne mai wayo, ya ce ai duk cikinmu Ladan ya fi kowa littattafai, shi ya duba mana. Kin ga ya sauke kayan daga kansa ya ɗora wa babanki. Alhaji Bawa bai ce komai a kan sahu ba. Abin da ya ce kawai, lasifika tana son mutumin da gidansa ke jin maganarsa.

To ki duba inda na jefa bawan Allah. In ya tsaya a bayana, lasifika ta tafi, kiran sallar da ya fi so fiye da abincinsa ya koma hannun wani. In ya tsaya a bayan Ɗanjuma, ya kunyata matarsa a gaban gari. Zaman gida kuma babu, don 'yan kwamitin juyin juya hali suna bin ƙofa ƙofa ranar zaɓe suna fitar da kowa.

Mace mai hankali da ta ga haka sai ta kama bakinta. Ni kuwa tambayar ce ta kama ni. Ina awon dawa ina tunani, wai da gaske sahu ne? Ba alwala, ba alƙibla, ba niyya, ba kabbara, ta ina ya zama salla? In kuma ba sahu ba ne, me ya sa ni kaina nake jin nauyin in ga dattijo mai furfura a bayan ƙeyata? Sai na kai masa tuwo na ce, "Malam, me littafin ya ce?" Ya ce, "Ina dubawa." Washegari na kai masa ruwan wanka na sake tambaya, ya ce yana dubawa. Har wata rana Bona na zaune a tsakar gidanmu tana ɓare gyaɗa na ce, "Malam, kai dai ka faɗa mana, ina za ka tsaya?" Ya dubi Bona, ya dubi bango, ya sa takalmi ya fita. Bona ta jefe ni da ɓawon gyaɗa ta ce, "Ke dai ba ki da man kai." Lokacin haushinta na ji, don ni a ganina ba laifi ba ne mace ta san inda mijinta ya dosa. Sai daga baya na gane mutumin nan hanya yake nema, ni kuma duk inda ya juya sai ya tarar na tsaya masa a bakin ƙofa.

Ranar ta zo, wata Lahadi da hantsi, a filin lakwal, makarantar bokon da kika yi. An ja layi da farar ƙasa aka tsayar da mu a kai, ni da Ɗanjuma, tsakaninmu kamar faɗin rumfuna kaɗan, fuskokinmu suna kallon bangon aji. Yaron buro ya yi bayani cewa ɗan takara ba ya waigawa sai an gama ƙirga, don kada idonsa ya tsorata kowa. Na buɗe baki zan tambaye shi, to idon Alhaji fa, da aka kafa masa kujera a gindin mangwaro yana kallon mai shiga da mai fita? Bona ta mintsine ni na haɗiye.

Ba ki san bango ba sai an ce ki kalle shi kar ki motsa. Har yau zan iya zana miki wancan. Akwai tsaguwa da ta taso daga ƙasa ta rabu biyu, akwai gidan zanzaro a ƙarƙashin taga, wani yaro kuma ya zana mota da gawayi ya manta bai sa mata ƙafa ba. Duk jikina ya koma kunne. Ina jin silifas na mata suna tas tas, ina jin kukan goyo, ina jin awarwaron Fulani masu tallan cukun wagashi. Ina jin takun maza mai nauyi yana wucewa can hagu, wajen Ɗanjuma. Bona ce ta farko a bayana, hannunta a kuguna, tana raɗa mini. "Matar mahauci ta zo." "Samarin tasha sun zo, suna dariya amma sun zo." "Wadda ta ba mu fura ran nan ta tafi can." Tana ta ba ni rahoto har wani jandarma ya daka mata tsawa ta yi shiru.

Sai na ji gyaran murya. Kin san gyaran muryar babanki, wanda yake yi kafin ya ɗora hannu a kunne, ɗaya gajere, ɗaya mai ja. Ko a tsakiyar Arzeke ranar jajibirin salla zan gane shi. Daga tsakiyar fili ya fito, tsakanin layukan nan biyu. Surutu ya ɗauke ɗif, har goyo suka yi shiru. Na ji takunsa, wannan ƙafar hagun da yake ɗan ja, yana matsowa, yana matsowa. Bona ta danna mini yatsu a kugu ta ce, "Tsaya, Ladi. Tsaya." Ni ma na ce wa kaina tsaya. Wallahi tallahi ban yi niyya ba, Uwani. Wuyana ne ya juya da kansa.

Idonmu ya haɗu. Ki tuna wane ne babanki. Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa haɗa ido da ni a gaban mutane ba, sunana ma ba ya kira a waje, in zai aiko sai ya ce ku gaya wa mutanen gida. Ga shi yau a tsakiyar fili, shi kaɗai, dattawan masallaci na kallo, Alhaji na kallo, duk Zongo na kallo, matarsa kuma ta juyo ta zuba masa ido kamar mai cewa to mu gani. Ya tsaya cak. Ya sunkuya ya kama gyara maɗaurin takalminsa, takalmin da ni da kaina na karɓo daga wurin baduku a satin, ba abin da ya same shi. Ya miƙe. Bai yi dama ba, bai yi hagu ba. Ya bi tsakiya sak, ya taka farar ƙasar nan, ya wuce tsakanina da Ɗanjuma, ya fita ta ƙaramar ƙofar lakwal. Yaron buro yana ta kira, "Kamarad! Kamarad!" Wani ya ce masa ladan ne, lokaci ya kusa, sai ya ƙyale. Ana cikin ƙirga rana ta karkata, muka ji muryarsa a lasifika yana kiran azahar, ba ta rawa ko kaɗan.

Na ci kujerar. Mata ne suka ba ni, da Fulani, da Bargawan bakin unguwa, da samarin tasha. Mutanen Alhaji suka ce ai Ladan wajen Ɗanjuma ya dosa, lokacin salla ne ya katse shi. Mata suka ce ƙarya ne, wajen matarsa ya dosa. Lasifika ta zauna a hannunsa, don ba wanda zai iya cewa ya bi mace. Kowa ya samu abin da zai riƙe, sai ni.

Famfon fa? Za ki yi dariya. A satin farko na je na zauna a gindinsa tun azahar don in ga mai kullewa da idona. Ashe tsohon mai gadin ne. In la'asar ta yi sai ya datse kwaɗo don kada yara su yi ɓarna, ya jefa makulli a aljihu ya tafi masallaci, in an idar ya zauna hira har magariba. Ba makirci, ba hannun Alhaji, ba komai. Aka yanko makulli na biyu aka ba matan layin famfo, magana ta mutu. Da tun farko shi na tambaya da ban tsaya takara ba. Ki riƙe wannan, in kin ga abu a kulle ki fara tambayar wanda ke zaune kusa da shi kafin ki zargi na nesa.

Zaman majalisa kuma rabinsa da Faransanci ake yi. Na daɗe ina gyaɗa kai don kada a ce ban ji ba, har sai ranar da na gyaɗa kai aka ɗora wa matan unguwa sharar tasha ta Asabar, ranar da ciniki ya fi tafiya. Da ƙyar na warware wannan, sai da na sha harara a kasuwa har na gode Allah. Ke kina da Faransanci, ba za a yi miki haka ba. Amma matan da za su tura ki ba su da shi. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ki dawo ki faɗa musu da harshen da suke mafarki da shi, ko Dandanci ne ko Yom ko Hausa, kafin ki ce kin yarda.

Ki kuma yi hankali da abin da za ki ji bayan zaɓe. Ko ba ki waiga ba, za a samu mai kawo miki sunayen waɗanda suka tafi wancan layin. Ni na saurara, na daina gaisawa da mai furar nan har tsawon damina guda, ashe mijinta a shagon Ɗanjuma yake ɗinki, ina za ta? Ke kuma aikinki ya fi nawa haɗari, don matar da ta ƙi layinki yau, ke za a taso ranar naƙudarta. Kada ta ga wani abu a fuskarki.

Yanzu bari in koma kan abin da ya hana ni sakat shekara da shekaru. Ina ya dosa? Na tambayi Bona, ta ce ita ƙeyata take kallo. Na tambayi matar mahauci, ta ce wajena, na tambayi matar Ɗanjuma, ta ce wajensu. Ke ma na tambaye ki, don kina zaune a kan katangar lakwal ranar, kika ce ke rake kike sha. Wata rana da aka yi hutun 'yan lakwal na koma filin ni kaɗai, na tsaya daidai inda ya sunkuya, na dubi nan na dubi can, wai in ga wanne ya fi kusa. Mai gadin lakwal ya zaci na yar da ɗan kunne, ya zo yana taya ni nema. Shi kuma babanki na bi masa ta kowace hanya. Na yi masa sakwara da miyar agushi, na bari ya ci rabi, na ce, "Malam, ran nan a lakwal..." Ya ce, "Doyar nan ta Bona ce?" Na bari aka yi shekara na sake ɗaukowa, ya ce kamar akuya ta shiga ɗakin girki. Har na gaji na bari, amma ban daina tunani ba. Wani lokaci in ce tabbas wajena ya dosa, in ji daɗi har in ƙara masa nama. Wani lokaci in ce a'a, lasifikarsa ya zaɓa, in wuni ina tsaki ba wanda ya san dalili. Abin ya yi mini ciwo, Uwani, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ciwon da ya fi shi ne, amsar tana tafe da ƙafafunta zuwa inda nake, ni na tare ta a hanya.

To ga amsar tambayarki. Ki gaya masa za ki tsaya, sau ɗaya, a cikin ɗaki, ki gaya masa dalili. Kada ki tambaye shi inda shi zai tsaya, ko da wasa, ko da ido. Shi ma yana da mahaifi a kan kujera a gindin wani mangwaro, yana da nasa lissafin da ba zai iya faɗa miki ba. Ranar layi ki samu wani abu a bango ki kafa masa ido. In kin ji takunsa, in kin ji tarinsa, in fili ya yi tsit, ki danne wuyanki. In ya tafi wancan layin ki dawo gida ki tuƙa tuwonki ki kai masa, ba a nan aure ke ƙarewa ba. In kuma an gama ƙirga kin juyo kin gan shi a bayanki, kada ki yi masa godiya a gaban mutane, ki yi kamar ba ki gan shi ba.

A nan na so in tsaya, amma wani abu ya faru jiya, dole in ƙara miki.

Bayan la'asar ina zaune a kan kujera 'yar tsugunne a bakin ɗakin girki, na juya wa zaure baya, takardar nan a kan faifai a cinyata. Sai na ji takun nan, ƙafar hagu tana ja. Ya zo ya tsaya a bayana har inuwarsa ta rufe rubutun. Ya ce, "Wa ake wa wannan dogon rubutu?" Na ce Uwani ce, a kan maganar zaɓen nan. Ya riga ya sani, tun ranar da kika tafi na gaya masa, kin ga ni ma na koyi wani abu. Ya yi gyaran murya, gajere da mai ja. Ya ce, "Ki ce mata kada ta waiga." Na ce na rubuta. Na zaci ya gama. Sai ya ce a hankali, "Da wata ba ta waiga ba, da an tsaya a bayanta."

La ilaha illallahu! Tambayoyi suka cika mini baki. To lasifikar fa? To me littafin ya ce? To me ya sa sai yau, sai da furfura ta rufe mu? Na ji wuyana ya fara halinsa. Na dafe faifan nan da hannu biyu, na kafa ido a kan harafin da na tsaya, hawaye na zuba ban share ba. Ban waiga ba, Uwani. Shi kuma bai tafi ba. Ya tsaya nan a bayana, shi kaɗai, ba jama'a, ba mai ƙirga, har rana ta yi ja ya ɗauki butarsa ya tafi kiran magariba.

Yana gaishe ki. Bona na gaishe ki, ta ce ki aiko mata da man kaɗen Seru. Ki gaishe mini da mijinki da surukanki da kyau. Allah ya tsare ki a gida da wurin aiki, ya sa hannunki ya zama na sauƙi ga masu naƙuda, ya kare ki daga ido da baki, ya zaunar da ku lafiya. Allah ya haskaka miki abin da ke gabanki. Abin da ke bayanki kuwa ki bar wa Allah, ki ba mai zuwa lokaci ya iso.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Ladi
Zongo, Paraku